Yadda zaka zaɓi bindiga mai liba don farautar koyoti a Amurka

Duk wanda ya taɓa shiga shagon bindigogi a Amurka, ko a Texas ne ko Montana ko wani ɗan ƙauye a Pennsylvania, ya hangi bindigogin nan masu liba jere a bango katakonsu na sheƙi, to sai ya kai zuciya nesa, don kyansu kaɗai ya isa ya sa mutum ya zaro kati ya biya bai tambayi komai ba. Bindiga mai liba ita ce wadda take da wani ƙarfe kamar zobe a bayan kunama, ka zura yatsu uku ciki, in ka tura shi ƙasa ya tofar da kwanson da aka harba, in ka dawo dashi sama ya ɗora sabon harsashi, irin dai wadda muka saba gani a hannun kaboyi a kan doki. To amma fa ɗan'uwa koyoti ba ruwansa da kyan katako, kuma mutane da yawa sun sayi bindigar da ta burge su a shago sai da suka je daji suka gane ba ta aikin da suka saye ta dominsa bace.

Shi koyoti in ka so ka kira shi dilan Amurka, ɗan'uwan kare ne da kyarkeci, ya ɗan fi dilanmu girma, nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 23, na gabashin ƙasar sun fi girma saboda akwai jinin kyarkeci a jikinsu. Sunan ma daga yaren Nahuatl na mutanen Aztec ya fito, can Meziko. Yanzu babu jihar da babu shi a Amurka in banda Hawaii, har cikin birane irin su Chicago da Los Angeles yana yawonsa da dare. Kuma abun mamaki yadda muke ce wa dila malamin daji haka 'yan asalin Amurka suke saka koyoti a tatsuniyoyinsu a matsayin mai wayo da zamba. Ba don nama ake farautarsa ba, makiyaya ne ke neman a rage musu shi saboda shi ne kan gaba wajen cinye 'yan raguna da 'yan awaki, wani lokacin har ɗan maraƙin da aka haifa, wasu kuma fatar suke so ta lokacin sanyi. Jihar Utah ma a 2012 ta fara biyan dala 50 kan kowane koyoti da aka kawo shaida an kashe, don kare barewarsu.

Tambayar farko da zaka yi wa kanka ba wai wane kamfani bane, a'a, ina zaka yi farautar, kuma daga yadi nawa dabbar zata tsaya maka. Wannan ita ce maganar gaba ɗaya, sauran duk reshe ne. Wanda ke farauta a dazukan Georgia ko sarƙaƙƙiyar kudancin Texas inda ba ka iya hango abun da ya wuce yadi 80, da wanda ke zaune a filin Wyoming ko Nebraska inda zaka hangi koyoti tun yana mil ɗaya kuma ya zo ya coge a yadi 280 yana kallonka ya ƙi matsowa, ba bindiga ɗaya suke buƙata ba ko kaɗan. Kuma kar ka yarda da zancen ido ba mudu bane amma ya san kima, a fili ido ƙarya yake yi sosai, ka samu ɗan na'urar auna nisa ka je wurin da zaka riƙa zama ka auna, ka ga bishiyar can yadi nawa ce, dutsen can nawa ne, shingen can nawa. Da wannan lissafin zaka shiga shago, ba da hoton da ka gani a YouTube ba.

Dalilin da yasa nisan yake da muhimmanci haka a bindiga mai liba shi ne gidan harsashinta. Irin na gargajiya, wato su Winchester 94 da John Browning ya ƙera a 1894 da Marlin 336 da ta fito a 1948, gidan harsashinsu wani dogon bututu ne a ƙarƙashin hancin bindigar, harsasai na jere a ciki ɗaya bayan ɗaya, kan wannan na tokare da gindin na gabansa. To a tsakiyar gindin kowane harsashi akwai ɗan ɗigon nan da allura ke duka ya tada wuta, kaga kenan in kan harsashin mai tsini ne kuma mai tauri, shurin da bindiga ke yi in an harba zai iya sa tsinin ya daki ɗigon na gaba, su tashi a cikin bututun, a daidai inda hannunka na hagu yake riƙe. Shi yasa tun asali harsasan waɗannan bindigogi kansu a daɓe yake ko a mulmule. Shi kuwa harsashi mai daɓaɓɓen kai iska na cin ƙarfinsa da wuri, yana saurin gajiya yana faɗuwa.

Bari in baka lissafi ka gani da idonka. Harsashin .30-30, wanda ya fito a 1895 kuma har yau shi ne sarkin masu liba, mai nauyin giren 150 (giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, haka suke awon harsashi a can) yana fita da gudun ƙafa 2,390 a daƙiƙa. In ka saita shi daidai a yadi 100, kafin yadi 200 ya sauka wajen inci 7 zuwa 8, a yadi 300 kuwa ya sauka fiye da ƙafa biyu. Shi kuma .223 mai giren 55 yana fita da ƙafa 3,240 a daƙiƙa, in ka saita shi a yadi 200 to a yadi 100 inci ɗaya da rabi kawai zai haura, a yadi 300 ya sauka kamar inci 7. Yanzu ka haɗa wannan da girman wurin da zaka sama a jikin koyoti, domin in ka cire gashin nan da ke sa shi ya zama kamar wani babban abu, ƙirjin da huhu da zuciya ke ciki bai wuce tafin hannunka da yatsu ba. Barewa in ka kuskure da inci 4 kana iya samunta, koyoti in ka kuskure da inci 4 ko dai ka harbi iska ko kuma, wanda ya fi muni, ka karya masa ƙafa ya gudu ya je ya mutu da wahala, kuma wannan ba farauta bace zalunci ne.

Saboda haka in filinka buɗaɗɗe ne, ni shawarata ka manta da masu bututu, ka nemi mai liba wadda gidan harsashinta akwati ne da ake zarewa daga ƙasa, inda harsasai ke kwance kan juna babu mai tokarar wani, sai ka zuba masu tsini son ranka. Sababbi da ake samu cikin sauƙi guda biyu ne suka yi suna. Akwai Browning BLR wadda ke kasuwa tun farkon shekarun 1970, kamfanin Miroku ne ke ƙera ta a Japan, a cikinta akwai haƙoran giya da ke tura sakata, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi, ta juya ta kulle a gaba kamar dai bindiga mai sakata, shi yasa take iya ɗaukar harsasai masu matsi irin su .22-250 da .243 da .308, kuma wani abun daɗi kunamar tana tafiya tare da libar don haka ba ta matse maka yatsa in kana sauri. Sai Henry Long Ranger da ta fito a 2016, ita ma sakatarta juyawa take ta kulle, hancinta bai taɓa katakon gaba ba wanda hakan ke taimaka wa saiti, ana samunta a .223 da .243 da .308 da 6.5 Creedmoor, akwatin .223 na cin harsashi 5 na .243 kuma 4. Duka biyun sabuwa ta haura dala 1,000, kuma gaskiya ɗaya ce, da rabin wannan kuɗin zaka sayi mai sakata irin Savage Axis ko Ruger American da zata yi saiti daidai dasu ko ma ta fi. Wanda ya zaɓi liba ya zaɓe ta ne don saurin harbi na biyu, don siririn jikinta da ke daɗin ɗauka, don bahago ma na iya aiki da ita ba wahala, da kuma don yana sonta kawai, kuma son abu ai ba laifi bane matuƙar ka san abun da kake biya.

Tsakanin biyun wacce? BLR ta fi yawan zaɓin harsashi, kuma in .22-250 kake so to ita ce hanyarka. Amma kunamarta an san ta da nauyi, sau da yawa ƙarfin da zaka sa ka ja ta yakan haura nauyin fam 5, kuma ba kowane makerin bindiga ke yarda ya taɓa ta ba. Sannan kar ka kuskura ka ce zaka warware cikinta a gida don wankewa, haƙoran giyar nan in ba a mayar dasu daidai yadda suke ba bindigar ba zata kulle yadda ya kamata ba. Long Ranger kuwa ni ita zan nuna wa sabon shiga a .223, harsashi ga araha ga shi ko'ina akwai, shuri kusan babu, zaka iya harba ɗari a yini kafaɗarka bata sani ba.

Ga masu son tsohon kaya akwai Savage 99, wadda tun 1899 ta warware matsalar tsini da gidan harsashi mai juyawa kamar faifai, kuma harsashinta .250-3000 na 1915 shi ne na kasuwa na farko a Amurka da ya kai gudun ƙafa 3,000 a daƙiƙa da giren 87, wanda ko yau ya isa koyoti har da ragi. An daina ƙera ta a ƙarshen shekarun 1990, sai dai ta hannu, kuma samun harsashin sai an sha yawo. Da tsohuwar zuma ake magani, amma kar ta zama bindigarka ta farko.

Yanzu maganar harsashi a tsakanin masu gudun. .223 ya wadatar har yadi 250 zuwa 300 a hannun wanda ya iya, abun da ke damunsa iska ce, iskar mil 10 a awa daga gefe tana iya ture giren 55 kusan inci 10 ko fi a yadi 300, kuma filayen yammacin Amurka ba a raba su da iska. .22-250, wanda Remington ta fara sayarwa a hukumance a 1965, yana tura giren 55 ɗin nan da ƙafa 3,680 a daƙiƙa, a yadi 300 inci 5 kawai yake sauka in an saita a 200, shi yasa tsofaffin mafarautan koyoti ba sa jin kira a kansa, sai dai ƙararsa tafi, yana cinye hancin bindiga da wuri, kuma kuɗinsa yafi. .243 na 1955 shi ne na mai son jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ka sa mai giren 58 zuwa 75 don koyoti, in kakar barewa ta zo ka koma giren 95 ko 100, kuma ya fi sauran jure iska. Aibinsa ɗaya, yana ɓata fata. .308 kam ya yi yawa, sai dai in ita kaɗai gareka.

Maganar fatar nan ka yanke hukunci a kanta tun kafin ka saya. In makiyayi ne ya ce ka zo ka rage masa ɓarna, to ramin da harsashi ya bari ba damuwarka bace. In kuwa fata kake so ka sayar ko ka jeme, wadda ta fi kyau daga wajen Nuwamba zuwa Janairu kafin su fara barbara su goge gashin, to kana son harsashi ƙarami mai gudu da zai shiga ta ƙaramin rami ya tarwatse a ciki bai fita ta ɗaya gefen ba, irin su V-Max na Hornady mai giren 40 zuwa 55. Kuma in cikin abun da kake nema akwai yanyawar can, ja ko toka-toka, da kyanwar dajin da suke kira bobcat, waɗanda jikinsu ƙarami ne fatarsu kuma sirirya, .243 zai yi musu kaca-kaca, ko .22-250 ma a kusa yakan yi ɓarna. A nan ne ƙananan masu liba ke da rana, Henry na yin su a .22 Magnum da .17 HMR, ba nauyi ba ƙara ba tsada. Amma in faɗa maka gaskiya waɗannan na yanyawa ne, koyoti dabba ce mai taurin rai, .22 Magnum sai a ƙasa da yadi 75 zuwa 100 kuma sai ka sami wurin da ya dace sarai, .17 HMR mai giren 17 kuwa ni ban goyi bayan a nufi koyoti dashi ba, in ya daki ƙashin kafaɗa a waje yake fashewa.

To wanda kuma dajinsa mai duhu ne fa, ko wanda dama yana da .30-30 a gida ta farautar barewa? Malam kar ka sayi komai tukuna, ɗauki abarka ka tafi. Yawancin koyotin da ake kira da usur ko na'ura mai kwaikwayon kukan dabba a irin wannan daji a ƙasa da yadi 100 ake harbinsu, wani sai dai ka ganshi kwatsam a yadi 30 yana tahowa a guje, a nan kuwa gajeriyar bindiga mai kilo 3 da ke hawa kafaɗa nan take ta fi doguwa mai ƙaton madubin hangen nesa amfani nesa ba kusa ba. Kuma tun wajen 2006 Hornady suka kawo harsashin LEVERevolution mai tsinin roba mai laushi da ba ya tada na gabansa a bututu, na .30-30 giren 160 ne, ya ƙara wa tsohuwar bindigar nisa har ta iya yadi 200 da ɗan kai. Akwai kuma wata tsohuwar dabara ta masu ɗura harsashinsu da kansu, su sa mai tsini guda ɗaya a ɗaki, wato inda harsashin da za a harba ke zama, guda ɗaya tak a bututu, tunda babu na uku babu mai tokarar wani, amma wannan sai mai natsuwa da ba zai manta ya ƙara ba.

Wani zaɓin da mutane ke rainawa shi ne .357 Magnum a bindiga mai liba, irin Marlin 1894 ko Henry Big Boy ko Rossi R92 ta Brazil wadda kwafin Winchester 1892 ce. Harsashin ƙaramar bindiga ne asali, amma a dogon hanci giren 158 yakan kai wajen ƙafa 1,700 zuwa 1,800 a daƙiƙa, har yadi 100 yana kwantar da koyoti ba gardama, bututun na cin 9 ko 10, kuma zaka iya atisaye da .38 Special mai araha a cikinta. Bayan yadi 125 dai sai ka haƙura ka bar shi ya wuce. .44 Magnum da .45-70 kuwa ka bar wa masu alade da beyar.

Sai madubi, kuma nan ma mutane na tafka kuskure. Koyoti da asuba da magariba ya fi fitowa, launinsa launin busasshiyar ciyawa, saitin ƙarfe na kan hanci ba zai kai ka ko'ina ba in haske ya yi ƙasa, don haka kana buƙatar madubi, kuma ba kowace mai liba ke karɓarsa da daɗi ba. Tsohuwar Winchester 94 ta sama take tofar da kwanso, daidai inda madubi zai zauna, sai a farkon shekarun 1980 suka gyara ta koma tofarwa ta gefe-gefe, zaka ga an rubuta AE a jikin irin waɗannan. Marlin 336 kuwa dama samanta a rufe yake ta gefe take fitarwa, haka BLR da Long Ranger, sai ka ɗaura kawai. A daji mai duhu madubi mai ƙara girma 1 zuwa 4 ko 2 zuwa 7 ya isa, a fili 3 zuwa 9 ko 4 zuwa 12, kuma kullum ka barshi a mafi ƙanƙanta in ka zauna, domin in dabba ta tsaya nesa kana da lokacin murɗawa, in ta ɓullo a gabanka kuma madubi na kan 12 gashi kawai zaka gani. Ka ɗaura shi ƙasa-ƙasa iya yadda zai yiwu, saboda gindin yawancin masu liba an yi shi ne don saitin ƙarfe, in madubi ya yi sama kuncinka zai rabu da katako ka riƙa lilo da kai, in ya kama ka sayi ɗan matashin da ake ɗaurawa a gindin. Kar ka manta da ɗan ƙarfen da ake ƙara wa gudumar baya, wadda ke dukan allura, ya leƙo gefe, in ba shi babban yatsanka ba zai shiga ƙarƙashin madubi ya ja gudumar ba, balle ma kana sanye da safar hannu a sanyin Janairu.

Gudumar nan ma akwai abun lura. In koyoti na matsowa ka ja ta ƙas, a shirun asuba kunnensa zai ɗauka, sai dai ka ga ƙura. Ka saba ja a hankali tun yana nesa ko lokacin da na'urar kira ke kuka. Kuma kowace bindiga da nata tsarin kariya, tsofaffi ana jan guduma rabi ne a bar ta, Marlin daga shekarun 1980 akwai maɓallin da ke tare guduma, Henry da yawa wani ƙarfe ne a ciki da ba ya barin guduma ta taɓa allura sai an ja kunama, ka karanta littafin taka ka san wacce ce, kuma ka tuna mai bututu ba a ganin abun da ya rage a ciki, sai ka yi ta juya liba har ka ga babu, ka leƙa ɗaki da idonka kafin ka sa ta a mota.

Wani abun da ba a faɗa maka a shago, liba ƙasa take buɗewa, in ka kwanta rub da ciki zata daki ƙasa sai ka karkata bindigar kafin ka ɗora na biyu. Amma wannan bai cika damun mai koyoti ba tunda yawanci a zaune ake yi, ka jingina bayanka da kututture ko dutse don kar siffarka ta fito, ka ɗora bindiga a kan sanduna biyu masu gicciye. Sai dai ka kula inda kake ɗorawa, a masu bututu hancin da bututun da katakon gaba duk a ɗaure suke da juna da wani zobe, in yau ka ɗora a katako gobe ka ɗora a bututu harsashi zai canza wurin faɗuwa, haka in hancin ya yi zafi bayan harbi huɗu ko biyar sai ka ga saiti na tafiya. Shi yasa in kaje wurin gwaji kar ka yi ta ɓarin wuta, harbi uku ka tsaya ta huce, domin a daji harbin farko daga hanci mai sanyi shi ne komai. Mai bututu da ke tara harbi uku cikin inci 2 a yadi 100 ta yi, BLR ko Long Ranger kuwa da harsashin da ya dace da ita ya kamata ta matso inci 1 zuwa 1 da rabi. Sayi kwali uku ko huɗu na kamfanoni daban-daban ka gwada, kowace bindiga da abincin da take so, wanda ta fi so ka je ka sayo da yawa.

In ta hannu zaka saya, wanda ba laifi bane sam, ka haska cikin hancin ka ga ko tsatsa ta ci, ka duba bakin ko ya daku domin ƙaramin lahani a nan ke lalata saiti, ka juya libar a hankali ka ji ko tana sarƙewa, ka duba katako a wuyan gindi ko ya tsage. A Marlin masu saye na neman hatimin JM a jikin hanci, alamar an yi ta a tsohuwar masana'antar Connecticut kafin a rufe ta, domin waɗanda aka fara yi bayan Remington ta kwashe aikin wajen 2010 zuwa 2011 mafarauta sun yi ta ƙorafi a kansu. A 2020 Ruger ta sayi Marlin kan wajen dala miliyan 28, sababbin yanzu daga North Carolina suke fitowa. Wani daɗin 336 ƙusa ɗaya zaka kwance liba ta fita sakata ta biyo, ka wanke hanci ta baya cikin sauƙi.

Doka kuma kar ka yi wasa da ita, kowace jiha da tata. A jihohi da yawa koyoti ba shi da kaka ba shi da iyakar adadi amma dole sai da lasin farauta, kuma yawanci sai ka yi ɗan kwas na koyon farauta kafin a baka. Bobcat da yanyawa kuwa suna da kaka, wani wurin sai da lasin masu fata daban, California ma ta hana farautar bobcat tun 2020. Farautar dare da fitila ko madubin da ke gano zafin jikin dabba wata jihar ta yarda wata ta hana, wata ta ƙayyade girman harsashin da zaka yi amfani dashi da dare, kaga wannan ma zai shafi bindigar da zaka zaɓa. A California tun 1 ga Yulin 2019 ba a farauta da harsashin dalma, sai na jan ƙarfe, shi kuma na jan ƙarfe ya fi tsawo a nauyi ɗaya, don haka hancin .22-250 da ke murɗa harsashi zagaye ɗaya a inci 14 ba ya iya daidaita masu nauyi, sai ka tsaya a ƙananan giren. Ɗan'uwan da ke zaune a can da biza ta karatu ko aiki ya sani dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga in ba ya shiga cikin waɗanda aka keɓe ba, kamar mai lasin farauta da ke aiki, don haka lasin ne farko kafin shago. Sannan a jihohin da akwai kyarkeci ka tabbatar da abun da kake nufa, a ƙarshen 2014 wani mafarauci a Utah ya harbe kyarkeci mai ɗauke da na'urar bincike a wuya yana zaton koyoti ne, maganar har ta cika jaridu.

In ka kawo bindigar gida, kafin ka fara sayen na'urar kira ta FOXPRO da kayan ɓad-da-kama, sayi harsasan roba na atisaye waɗanda ba sa tashi, ka tabbatar babu na gaske ko ɗaya a wurin da kake, ka zauna a ƙasa yadda zaka zauna a daji da sandunanka, ka koyi juya liba bindiga na kafaɗa ido na cikin madubi. Sabon shiga kullum sauke ta yake yi zuwa ƙugu ya juya sannan ya mayar, kafin nan na biyun ya ɓace, kuma koyoti a watan Janairu da Fabrairu bibbiyu suke zuwa, in na farko ya faɗi ɗayan yakan ruga da gudun da ya kai mil 40 a awa, amma sau da yawa in ka yi masa haushi irin na kare da baki yakan ɗan tsaya ya waiwayo na daƙiƙa biyu ko uku. Libar kuma da ƙarfi ake tura ta har ƙarshe a dawo da ita har ƙarshe, in ka lallaɓa ta rabi da rabi sai kwanso ya maƙale ko ta rufe babu komai a ɗaki, ka ja kunama ka ji ƙas.